Makaɗin Gindin Allo

Duk mai riƙe da wayar zamani ya san wannan kiɗan, ko da bai san sunansa ba. Za a nuno wani ya jingina tsani zai hau katanga, sai a mayar da hoton baƙi da fari, a ƙara masa sauri, a watsa masa ɗige-ɗige kamar tsohon fim, sannan fiyano ya ɓarke da wani kiɗa mai tsalle-tsalle. Tun kafin mutumin ya faɗo ka fara murmushi, domin kiɗan ya riga ya raɗa maka cewa babu wanda zai karye, wasa ne.

Masu haɗa bidiyo daga intanet suke ɗauko shi, a manna a wuce. Amma asalinsa sana'a ce ta mutanen da suka ci abinci da ita shekara da shekaru, tun farkon ƙarni na 20 har zuwa ƙarshen shekarun 1920, zamanin da fim bai iya magana ba. A ganina tana cikin sana'o'in kiɗa mafi wuya da aka taɓa yi, kuma ba ta cika jawo wa mai ita yabo ba, saboda gwani a cikinta shi ne wanda za a tashi daga kallo an sha dariya har da hawaye, ba a ma tuna yana wurin ba.

A fara duba inda mai aikin ke zaune. Ƙaramin gidan silima ne a wani gari na Amurka ko Ingila, wajen 1915. An kashe fitilu. A gindin allo, can gefe, ga fiyano da 'yar fitila a kansa, ga mai kaɗawa, wadda sau da yawa mace ce, don matan da suka koyi fiyano a gidajensu sun cika wannan aiki. Wuyanta a ɗage yake, tana kallon hoton daga ƙasa kuma a karkace. A irin waɗannan gidaje ana yawan canja fim, wani lokacin sau da dama a mako, saboda haka ba abin mamaki ba ne ta fara ganin fim ɗin a daidai lokacin da 'yan kallo ke ganinsa. Ba ta san ko mutumin da ya turo ƙofa ɓarawo ne ko ango ba. Dole ta karanta takunsa nan take ta ba shi kiɗan da ya dace, in kuma ta yi kuskure ta juya kiɗan ba tare da kowa ya ji inda aka yi ɗinkin ba. Haka za ta yi ta yi daga rana har dare, fim ɗaya ana maimaita shi, 'yan kallo suna sauyawa ita tana nan.

Manyan mutane sun zauna a wannan kujera. Dmitri Shostakovich, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan masu tsara kiɗa na Rasha, yana matashi ya yi ta kaɗa fiyano a gidajen siliman Leningrad a tsakiyar shekarun 1920, don ya tallafi gidansu bayan rasuwar mahaifinsa. A unguwar Harlem ta New York, Fats Waller yana kaɗa ogan a gidan silima na Lincoln, Count Basie yana zuwa ya raɓe kusa da shi yana koyo, kafin shi ma ya yi irin wannan aiki a Kansas City.

Kada a ɗauka da gwaninta aka fara. Masanin tarihin fim Rick Altman, a littafin da ya fitar a 2004 kan sautin finafinan wancan zamani, ya nuna cewa da farko akan haska fim wani lokacin babu kiɗa sam, fiyanon da ke wurin na raka waƙoƙin da ake yi ne tsakanin fim da fim. Da aka fara raka hoton da kiɗa kuwa, shirme ya yi yawa. A 1911 wani marubuci, Louis Reeves Harrison, ya yi wa makaɗan silima kaca-kaca a mujallar Moving Picture World, har ya kira abin da suke yi kiɗan jakai. Akwai mai kaɗa waƙar rawa ana nuna mutuwa. Akwai mai ɗauko sananniyar waƙa don kawai sunanta ya yi shaguɓe da abin da ke kan allo, jama'a su yi ta dariyar wayonsa su manta da fim. A hankali aka koyi sana'ar, da suka da gyara da gasa tsakanin gidajen kallo.

To me hannayen ke yi? Wannan kiɗa mai tsalle da muke jinginawa ga tsofaffin finafinan barkwanci, yawancinsa ragtime ne ko jikokinsa. Baƙaƙen fatan Amurka ne suka ƙirƙiro shi a ƙarshen ƙarni na 19, kuma wanda ya fi shahara da shi shi ne Scott Joplin, mai Maple Leaf Rag na 1899 da The Entertainer na 1902. Sirrinsa a rabon aiki yake. Hannun hagu yana buga sauti mai kauri a ƙasa, ya yi tsalle zuwa tsakiya, ya koma ƙasa, ya sake tsalle, bugu daidai wa daida, ba ragi ba ƙari. Hannun dama kuwa ba ya yarda ya sauka inda ake jiransa. Ko ya riga bugun da ƙiris, ko ya makara da ƙiris, kullum kamar zai yi tuntuɓe amma ba ya faɗuwa. Wanda ya kalli finafinan barkwancin wancan lokaci zai ga abin da ke cikinsu ke nan: ga ɗan sanda, ga mai gida, ga agogon masana'anta, duk suna tafiya bisa ƙa'ida, sai ga wani talaka da wando ya yi masa yawa ya shigo yana taka ƙa'idar ba da gangan ba. Doka tana hannun hagu, mai karya ta yana hannun dama, kuma mutum ɗaya ne ke kaɗa su duka. Abin dariya shi ne Joplin da kansa ya riƙa rubuta gargaɗi a saman takardun kiɗansa cewa kada a kaɗa su da sauri. Babu gargaɗin da aka yi wa kunnen uwar shegu kamar wannan.

Saurin yana da dalili. Kamfanin Keystone da Mack Sennett ya kafa a 1912 ya yi suna ne da wasan bi-ni-in-bi-ka, garken 'yan sanda maƙale a mota ɗaya suna zubowa a kwana. Kyamarar lokacin da hannu ake juya ta, kuma idan mai ɗaukar hoto ya rage saurin hannunsa, motsin mutane yana ƙara sauri a kan allo. Makaɗi dole ya bi wannan gudun. Sai dai ɗan koyo yakan fara da iyakar ƙarfinsa, minti ɗaya ya ƙare dabararsa, alhali tseren bai ko kai rabi ba. Gwani yana yin tanadi. Yana farawa da sauƙi, idan ɗan sanda na biyu ya shiga sahu sai ya ɗaga sautin sama kaɗan, idan kare ya biyo baya ya sake ɗagawa, ya ƙara cika hannun hagu, ta yadda mai kallo zai ji abin na ta hauhawa ba tare da ya san daga ina hauhawar take ba. Yana kuma ba kowane mutum takensa. Da an ji 'yan sautuka huɗu masu nauyi an san ƙaton nan mai gashin baki ya kusa leƙowa.

Sai maganar faɗuwa, wadda nan ne ake gane wanda ya iya. A gidajen da ke da halin ɗaukar mai ganga, shi ke da alhakin kama kowace faɗuwa, al'adar da aka gada daga gidajen wasan kwaikwayo na barkwanci tun kafin fim. A gabansa akwai tarkace kala-kala: ɓawon kwakwa don takun doki, faifan tagulla don fashewar faranti, katako biyu da ake haɗawa su ba da ƙarar mari, da wani usur mai sanda a ciki wanda idan aka ja sautinsa ke zamewa ƙasa, daidai da mutum yana sulalowa daga bene. Idan bugun ya riga faɗuwar da ƙiftawar ido ya tona asirin wasan. Idan ya makara ya zama kamar mai dariya bayan kowa ya gama. Wanda ya taɓa tsayawa a fagen dambe ya ga irin wannan ido a wurin mai kalangu, wanda ba ya kallon gangarsa, ƙafar ɗan dambe da kafaɗarsa yake kallo, ya san lokacin zuga, ya san lokacin sassautawa, kuma idan aka yi kisa ya san ihun jama'a ya fi gangarsa ƙarfi, sai ya ba shi hanya.

Wannan ba da hanya shi ne darasin da ya fi wuyar shiga kai. Dariya tana buƙatar wurin zama. Idan makaɗi ya cika kowace daƙiƙa da ƙara, ya buga wa kowane tuntuɓe ganga, jama'a sukan gaji, kuma babbar faɗuwar da aka yi minti uku ana shirya ta sai ta zo daidai da ƙananan. A ɗauki fitaccen wurin nan a fim ɗin Buster Keaton na 1928, Steamboat Bill, Jr. Guguwa ta taso, Keaton yana tsaye a gaban wani gida ya ba shi baya, sai bangon gaban gidan gaba ɗaya ya rabu ya rufto masa. Tagar sama da ke buɗe ita ta ratsa ta kansa, ya tsira a tsaye. Bango ne na gaske mai nauyin gaske, kuma tazarar da ke tsakanin jikinsa da bakin tagar inci kaɗan ce. Me makaɗi zai yi a nan? Mai gaggawa zai danna hannu biyu a kan fiyano ya yi rugugi. Ni dai na fi jin daɗin wanda zai tara guguwar a hannunsa har bangon ya fara karkata, sannan ya ɗauke hannu cak, ya bar numfashin da jama'a suka ja ya zama shi ne sautin wurin, ya dawo da wani ɗan kiɗa marar laifi kamar ba abin da ya faru. Fuskar Keaton ba ta motsi, shi ya sa ake masa laƙabi da mai fuskar dutse, kuma makaɗin da ya fi shi firgita ya ɓata masa aiki.

Da silima ta zama babbar kasuwa, sai aka fara sama wa makaɗa kayan aiki. Kamfanin Edison ya fara buga shawarwarin kiɗa ga finafinansa a 1909. Daga nan aka samu takardar jagora da ke zuwa tare da fim: a wuri kaza, idan rubutu kaza ya fito a allo, a kaɗa kiɗa kaza na tsawon minti kaza. Wani ma'aikacin shagon kiɗa na Carl Fischer a New York, Max Winkler, ya yi iƙirarin shi ya ƙirƙiro tsarin, ya kuma ci abinci da shi sosai. A 1913 kamfanin Sam Fox na Cleveland ya fitar da littafin J. S. Zamecnik, wanda ya yi karatun kiɗa a Prague a hannun Dvořák, cike da gajerun kiɗe-kiɗe da aka yi wa suna da aikinsu: na gudu, na ɓarawo, na jana'iza, na yaƙi. A Jamus Giuseppe Becce ya fara tara irin nasa a 1919. Wanda ya fi burge ni shi ne ƙaton littafin Ernö Rapée na 1924, Motion Picture Moods, da ya raba kiɗa gida 52 bisa yanayi, ya kuma buga jerin yanayin a gefen shafuka, don makaɗi ya iya tsallakawa daga soyayya zuwa gobara da hannu ɗaya a cikin duhu, ɗayan hannun yana ci gaba da kiɗa. Wanda ya tsara wannan ya san zafin kujerar.

Ba duk abin da ke cikin littattafan ne abin alfahari ba. Akwai kiɗan da aka ware wa 'yan China, da na 'yan asalin Amurka, da na mutanen Gabas, duk na raini da kwaikwayon banza, wanda ya koya wa kunnuwan 'yan kallo ɗaukar baƙo abin dariya ko abin tsoro. Wasu daga cikinsu har yau suna yawo a finafinai. Akwai kuma waɗanda tsufa ya juya musu aiki. Kiɗan nan na mugu mai sanɗa, wanda ke hawa taki ɗaya-ɗaya sannan ya gangaro, an buga shi a 1914 da sunan Mysterioso Pizzicato don ya tsorata mutane. An yi ta amfani da shi har ya tsufa, yanzu da an ji shi dariya ake yi.

Gidan da ba ya iya biyan tawagar makaɗa yakan sayi na'urar da ake kira Fotoplayer, wadda aka riƙa ƙerawa a California daga wajen 1912 zuwa 1925. Fiyano ce da ke kaɗa kanta da naɗaɗɗiyar takarda mai huji, an haɗa mata bututun iska da ganguna da ƙararrawa da hon na mota, mai kula da ita yana jan igiyoyi yana taka feda kamar mai saƙa. Manyan gidaje kuma suka koma ga ogan na kamfanin Wurlitzer, wanda aka gina bisa dabarun wani Bature ɗan Ingila, Robert Hope-Jones. Mutum ɗaya da hannu biyu da ƙafa biyu yana fitar da muryar goge da kakaki da sarewa, ga kukan tsuntsu, ga jiniyar jirgin ƙasa. Can ƙololuwa akwai irin gidan Roxy da aka buɗe a New York a 1927, mai kujeru kusan 6,000 da makaɗa fiye da 100.

Amma wanda ya fi kowa tunani a kan abin da kiɗa ke yi wa dariya shi ne Charlie Chaplin, kuma abin da ya gano ya saɓa wa abin da yawancin mutane ke zato. An haife shi a Landan a 1889, iyayensa duka mawaƙan dandali ne. Yana kaɗa goge irin na Turawa da hannun hagu, har sai da aka juya masa jerin tsirkiyar, amma bai iya karanta rubutun kiɗa ba. Da zai yi City Lights a 1931, lokacin kowa ya koma fim mai magana, sai ya ƙi magana ya karɓi sauti, domin a karon farko ya samu damar ɗaure kiɗan da yake so a jikin fim, ba sai abin da makaɗin wani ƙauye ya ga dama ba. Yadda yake aiki shi ne ya rera karin da baki ko ya lalubo shi a fiyano, wani masani yana gefe yana rubutawa. Arthur Johnston ne ya yi masa wannan a City Lights. A Modern Times na 1936 wani saurayi ɗan shekara 23, David Raksin, ya karɓi aikin, suka yi ta sa-in-sa har Chaplin ya kore shi, daga baya aka dawo da shi. Alfred Newman da ke jagorantar makaɗan shi ma sai da ya yi fushi ya fice ana tsakiyar ɗauka. Mutum ne mai wuyar sha'ani, amma ya san abin da yake nema.

A littafin tarihin rayuwarsa na 1964 ya bayyana cewa masu tsara masa kiɗa kullum so suke kiɗan ya zama na ban dariya, shi kuwa yana ce musu ba ya son kiɗa ya yi gasa da shi. Yana son kiɗa mai kyau da ƙasaita da taushi, wanda zai tsaya a gefe guda, shi da yagaggen takalminsa su tsaya a ɗaya gefen. Dariyar tana fitowa ne daga tazarar da ke tsakani. Mutumin da ke zaune ya dafa takalminsa yana ci da wuƙa da cokali mai yatsu, kamar yadda ya yi a The Gold Rush na 1925, a ransa babban baƙo ne a babban otal. Idan kiɗa ya yi masa gwalo, an mayar da shi wawa kawai. Idan kiɗa ya yarda da shi, ya ba shi girman da yake ba kansa, sai abin ya zama ban dariya da ban tausayi a lokaci guda, kuma irin wannan dariyar ce ke daɗewa a zuciya.

A duba damben da ke cikin City Lights. Chaplin ya shiga fage da ƙaton da zai iya kashe shi, sai ya laɓe a bayan alƙalin wasa, su uku suna taku ɗaya kamar masu rawa, yana leƙowa ya kai naushi ya koma maɓoyarsa. Kiɗan gogen da ke tafe da su mai sauri ne, marar nauyi, yana gudana abinsa ba ya tsayawa ƙirga naushi. Shi ya mayar da faɗan rawa. A farkon fim ɗin kuma, inda manyan gari ke jawabin buɗe wani mutum-mutumi, maimakon murya sai ya sa musu wata ƙara mai kama da busar wasan yara, ya yi wa masu dogon jawabi da finafinai masu magana dariya a bugu ɗaya. Taken makauniya mai sayar da fure kuwa ba nasa ba ne, La Violetera ce ta José Padilla ɗan Sifen, kuma rashin ambaton mai ita ya kai Chaplin kotu a Faris, inda ya sha kaye. Karin da ya rufe Modern Times da shi ne aka sa wa kalmomi a 1954 ya zama waƙar Smile da Nat King Cole ya rera. Kyautar Oscar ɗaya tak da Chaplin ya ci a gasa, ta kiɗa ce, a 1973, saboda Limelight da ya yi tun 1952.

Harold Lloyd, wanda ya rataya a hannun agogo a saman dogon bene a Safety Last! na 1923, shi ma yana da nasa ra'ayin mai tsauri. Ba ya son a raka finafinansa da fiyano ko kaɗan, ogan yake so, kuma makaɗin da ya amince da shi, Gaylord Carter, ya shafe shekaru masu yawa yana wannan aiki. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa sautin da muke kira na tsohon fim, wato fiyano mai karkataccen sauti yana gudun fitar rai, bai wakilci zamanin duka ba. Yawancinsa daga baya aka ƙera shi. Da sauti ya zo an tsayar da gudun fim a hoto 24 cikin daƙiƙa, alhali da yawa daga cikin tsofaffin an ɗauke su a ƙasa da haka. Da aka riƙa haska su da sababbin na'urori da talabijin, sai kowa ya koma tafiyar fizge-fizge, har masu makoki. Masu sake fitar da su a shekarun 1950 da 1960 suka ɗora musu kiɗa mai ƙarar gwangwani da ƙararrakin wasa, don a ji tsufa. Akan ma soka ƙananan ƙusoshi a gudumomin cikin fiyano don ya ba da wannan amon. Fim ɗin The Sting na 1973, da Marvin Hamlisch ya cika da kiɗan Joplin, ya ƙara dasa ragtime a kunnen duniya a matsayin sautin da can. Abin da ke wayoyinmu yau kwaikwayon wancan kwaikwayon ne.

Sana'ar ta mutu da wuri kuma farat ɗaya. Warner Bros. sun fitar da Don Juan da naɗaɗɗen kiɗa a 1926, sai The Jazz Singer a watan Oktoban 1927. Cikin 'yan shekaru dubban makaɗa suka rasa aiki, ga karayar tattalin arziki ta 1929 ta same su a waje. Ƙungiyar makaɗan Amurka ta yi ta buga tallace-tallace a jaridu a 1930, da zanen mutum-mutumin ƙarfe yana kiɗa, tana roƙon jama'a su ƙi kiɗan gwangwani. Hakan bai hana komai ba.

Dabarun dai ba su bi ta kabari ba, sun koma zanen katun. Carl Stalling makaɗin silima ne a gidan Isis na Kansas City, inda ya haɗu da Walt Disney yana saurayi. Ya yi masa kiɗan katun na farko-farko, sannan daga 1936 zuwa 1958 ya zauna a Warner Bros. yana fitar da kiɗan katun, fiye da 600 gaba ɗaya. Ɗabi'ar nan ta ɗauko waƙa saboda sunanta, wadda aka zagi makaɗa a kanta a 1911, ita ce ta zama tambarinsa, kuma a hannunsa ta yi kyau. A katun kama kowane motsi da kiɗa yana yiwuwa, saboda zanen da kiɗan tare ake auna su, hoto bayan hoto. Duk yaron da ya tashi yana kallon Tom and Jerry a talabijin, a Kano ne ko a Maraɗi, ya sha aikin Scott Bradley, wanda ke bin kyanwa da ɓera taku bayan taku da tawagar makaɗa guda. A talabijin kuma, ɗan barkwanci Benny Hill a Ingila ya ɗauki gudun Keystone ya haɗa shi da Yakety Sax na Boots Randolph. Mr. Bean kuwa, da ya fara fitowa a 1990, hanyar Chaplin aka bi masa: Howard Goodall ya sa mawaƙan coci suna rera masa take da Latin cikin nutsuwa da girmamawa, alhali mutumin da ake yi wa wannan karamci faɗowa ya yi daga sama ya tashi yana zare ido.

Har yau akwai masu zama a gindin allo. A garin Pordenone na Italiya ana bikin finafinai marasa magana na shekara-shekara, wanda aka fara a 1982, ana haska su da kiɗa kai tsaye, ana kuma horar da sababbin makaɗa. Neil Brand a Ingila da Ben Model a Amurka suna kaɗa wa fim da ka, ba takarda a gabansu. Carl Davis, wanda ya rasu a 2023, ya rubuta sabon kiɗa ga finafinan Keaton da Lloyd da Chaplin. Rosa Rio, da ta fara tun zamanin asali, ta ci gaba da kaɗa ogan a gidan silima na Tampa a Florida har ta haura shekara 100, ta rasu a 2010.

Masu shirya camama da gajerun bidiyon barkwanci a wajenmu suna da abin da waɗancan ba su taɓa samu ba. Fim ɗin yana hannunsu, suna iya kallonsa sau nawa suka so, su matsar da kiɗa gaba ko baya da hoto ɗaya a kwamfuta. Duk da haka abin da aka fi gani shi ne a shimfiɗa kiɗa ɗaya daga farko har ƙarshe, a zuba ƙarar usur da dariyar gwangwani a kan kowane motsi, har maganar ɗan wasan ta nutse. Da za a fara kallon wurin babu sauti a gano inda babbar dariyar take, a yanke kiɗan daf da ita, a dawo da shi bayan ta lafa, da an ga bambanci. Akwai kuma batun haƙƙin mallaka da ke sa a toshe wa mutum bidiyo bai san dalili ba. Kiɗan Joplin na 1902 ya daɗe da zama na kowa, amma naɗin da wani makaɗi ya yi masa a situdiyo yana da mai shi. Wanda ke son tsira sai ya nemi irin waɗanda Kevin MacLeod ya saki bisa sharaɗin a ambaci sunansa, ko kuma, wanda ya fi, ya kira mai fiyanon situdiyon unguwarsu, ya kunna masa bidiyon, ya ce ya kalla ya kaɗa.